Hawan Jini Mai Cin Ƙoda: Jawabi a Taron Cikar Ƙungiyarmu Shekara 10

 

Hajiya Shugaba, Uwar Ƙungiya, Ma'aji da Magatakarda, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu da ke zaune a sahun gaba, baƙinmu da sunka taso daga Ambursa da Birnin Kebbi da Argungu, 'yan uwana mata na Zauro, barkanmu da wagga rana. Allah ya maimaita mana, ya jiƙan waɗanda munka fara tafiyar nan da su ba su kawo yau ba.

Da anka ce in yi magana, an zaci zan yi ta kan adashi da bashi kamar yadda na saba. Na roƙi Hajiya Shugaba ta bar ni in yi ta kan hawan jini. Wata a cikin kwamiti ta ce, "Haba, ranar biki za ki kawo mana zancen ciwo?" Na ce ai ranar biki ce kaɗai kowa ke zuwa, har masu gudun taro saboda bashin da ake bin su. Ga kuma roƙo da nake da shi a ƙarshe wanda ya shafi kuɗinmu, kuma ba ya yiwuwa sai kun ɗaga hannu.

Ni ba likita ba ce, kun sani, shinkafa da wake nake aunawa. Abin da zan faɗa na tattara shi ne a zaman jinya da na yi sau biyu, ina tambayar likitoci da nas har sunka san fuskata, sai kuma abin da ɗiyata mai koyon aikin jinya ta karanta ta fassara mini.

Hawan jini dai kowa ya san sunansa. In an ɗaura maki abin awo a dantse, lamba biyu yake bayarwa, ta sama da ta ƙasa. Mai lafiya takan kasance wajen 120 bisa 80. In ana ta aunawa ana samun 140 bisa 90 ko fiye, an shiga hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa cikin manya uku a duniya ɗaya na da shi, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ki dubi ta damanki, ki dubi ta hagunki, ki haɗa da kanki, kun cika uku ke nan.

Amma wanda nake son mu tsaya a kansa yau shi ne mugun cikinsu. Shi wanga, lamba tana wuce 180 bisa 120, wani lokaci har 240 bisa 140, kuma ba ya jiran shekaru. Cikin makonni ko 'yan watanni yake ɓata ƙananan hanyoyin jini na ido da ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda. Yawancin waɗanda yake kamawa, ko dai ba su taɓa awo ba, ko sun san suna da hawan jini sunka ajiye magani. Kuma bai tsaya ga tsofaffi ba, 'yan shekara 30 da 40 yana kayar da su, wato irinmu masu ƙarfin nema.

Na nemi izinin iyalan 'yar uwarmu da ta rasu, sun ce in faɗa, amma ba zan ambaci suna ba. Tsofaffin ƙungiya sun san wadda nake nufi. Gumi take yi, kuma ba a yi mace mai ƙwazo kamarta ba. A wajen awon cikinta na ƙarshe anka gaya mata jininta ya hau. Ta sha magani har ta haihu, ta ci gaba da sha kusan shekara biyu. Sai ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar fadama tun daga Argungu har ƙasa da Birnin Kebbi. Gonar maigidanta ta tafi, shanshera ta yi tsada, jarinta ya karye. A wannan shekara mutum yana lissafin tuwon dare, wa ke lissafin ƙwaya? Ta bari. Kuma ba ta ji komai ba, shi ne abin da ke ruɗin mutane. Ta yi fiye da shekara tana harkarta lafiya lau a ganinmu.

Daga baya ciwon kai ya taso mata, irin na ƙeya, da asuba. Ta riƙa sayen haɗi a kemis, ya lafa, ya dawo. Sai ta fara cewa tana ganin hazo-hazo, in an ba ta kuɗi sai ta kai su kusa da fuska. Munka ce hayaƙin gumi ne. Sai amai da safe, ƙafa ta kumbura, fuska ta yi fam, in ta kwanta numfashi ya gagara sai an jingina ta. Nan fa kowa ya kawo tasa, wannan ta ce iska, waccan ta ce jifa ne daga 'yan kasuwa. Ranar da anka kai ta asibiti a Birnin Kebbi ina cikin motar. Abin awo ya nuna 230 bisa 140. Anka ɗebi jini, sakamako ya fito, likita ya kira maigidanta gefe, ya ce ƙoda duka biyu sun kusa tsayawa, sai wanki.

Ƙungiyar nan ta yi abin da za ta iya, Ma'aji tana nan, littafi yana nan. Danginta sunka sayar da injin niƙa, sunka sayar da saniya da ɗan maraƙinta. An fara wanki sau biyu a mako, ya koma sau ɗaya, ya koma sai ranar da anka samu. Ba ta cika wata huɗu ba. Ta bar ɗiya shida, ƙaramar ba ta shiga firamare ba a lokacin. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ta biyun tana nan zaune cikinku, abokiyar zamana ce, ita ta ce in faɗa ko wata ta amfana. Ita ma ido ne ya fara mata, zare ya daina shiga allura. Da yake ɗinki ne abincinta, ba ta yi wasa ba, cikin mako guda ta matsa wa maigida ya kai ta a yanka mata tabarau. Mai duba ido ya haska cikin idon, ya daɗe yana dubawa, sai ya ce a auna jininta yanzu-yanzu. Anka samu 220 bisa 130. Tabarau dai ba a yi zancensa ba ranar, gado anka ba ta. Gwaji ya nuna ƙoda ta taɓu amma da sauranta. Kwana tara ta yi. Yau shekara huɗu ke nan, ƙwaya iri uku take sha kullum, tana zuwa ganin likita, ganinta ya dawo, kuma rabin ankon da ke jikinku ita ta ɗinka. In an yi kuskuren aljihu ku same ta bayan taro.

Ciwo ɗaya, lamba kusan ɗaya, gari ɗaya. Rai na Allah ne, ba mai ja da wannan. Amma na tambayi likita, me ya raba su? Ya ce abu biyu. Na farko, halin da ƙoda take ciki ranar da mutum ya iso asibiti. Na biyu, ko jinin ya zauna bayan an sallame shi, wato ko ya ci gaba da magani. Ya ce ba a nan kaɗai ba, likitocin Amsitadam a ƙasar Holan sun bi sawun masu wanga ciwo shekaru, abu biyun nan sunka gano.

Bari in faɗi yadda anka fahimtar da ni aikin ƙoda, don wata ta taɓa tambayata me ya haɗa jini da fitsari. Ƙoda biyu ce, a bayan ciki wajen kwiɓi, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba. A cikin kowace akwai 'yan matatai ƙanana wajen miliyan ɗaya, ido ba ya ganinsu. Jini ke bi ta cikinsu dare da rana. Abin da suke tacewa a yini ɗaya ya kai lita 180, wato jarka bakwai manya masu cin lita 25 da ɗoriya. Kusan duka suna mayar wa jiki, dattin da ragowar ruwa da gishiri su fita a fitsari, lita ɗaya da rabi ko makamancin haka.

Ku da kuke noman rani kun san abin da ke faruwa in an buɗe injin ban ruwa da ƙarfi a kan fangalin da anka yi sabon dashe. Ruwan da ya kamata ya rayar da shuka shi ke tuge ta, ya fasa kunya, laka ta toshe hanya. Haka jini mai ƙarfi yake yi wa matatan nan. To abin da ya sa wanga ciwo yake gudu shi ne, in hanyoyin sunka toshe, ƙoda sai ta ga jini ba ya iso mata, sai ta saki wani sinadari mai sa jini ya ƙara hawa. Ya hau, ya ƙara ɓarna, ta ƙara saki. Kamar yaron da ke ƙarshen gona yana ihu a ƙara wuta ruwa bai iso ba, alhali tiyo ne ya fashe a tsakiya. Magani ne ke katse wagga tafiya.

Kuma ƙoda tana da haƙuri, haƙurin ne ke cutar da mu. Tana iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum bai ji ciwo ba. Lokacin da kumburi da amai da ƙaiƙayin jiki sunka bayyana, an yi nisa. Gwajin jini da na fitsari ne ke tona ta da wuri. Na jinin ana ce masa kiriyatinin, ku riƙe sunan, ku ce a duba maku shi. Na fitsari kuma ana neman furotin, wanda in yana zuba sai ki ga fitsari yana kumfa ba ya kwantawa.

Yanzu ga labari mai daɗi, don kada a ce na ɓata biki. Can dauri, kafin a samu magani, wanga ciwo hukuncin kisa ne ko a ƙasar Turawa. Likitocin Amurka sun rubuta a 1939 cewa cikin mutum 10 masu mafi tsananinsa, wajen 8 ba sa cika shekara. Shugaban Amurka kansa, Ruzbelt, da hawan jini ya daɗe yana fama, ranar da ya mutu a watan Afrilu 1945 jininsa ya kai 300 bisa 190, jini ya fashe masa a kai. Kuɗi da mulki duk yana da su, maganin ne babu. Amma a birnin Bamingam na Ingila akwai likitocin da sunka ajiye littafin masu wanga ciwo shekara da shekaru. Waɗanda anka gano kafin 1977, cikin 100 mutum 32 ne sunka kai shekara biyar a raye. Waɗanda anka gano daga 1997 zuwa 2006, cikin 100 mutum 91 sunka kai. Daga 32 zuwa 91. Kuma magungunan da sunka kawo wanga canji ba wasu na boka ba ne, irinsu ne a kantunan Birnin Kebbi, su amlodipine da lisinopril da mai sa fitsari. Har an sha ganin wanda anka ɗora a injin wanki saboda wanga ciwo, da jinin ya zauna watanni, ƙodar ta farfaɗo anka sauke shi. Ba kowa ke samun haka ba, amma yana faruwa.

Sai dai likitocin can sun lura baƙar fata ya fi kamuwa da shi, kuma ƙodarsa ta fi saurin taɓuwa. Saboda haka mu ne ya kamata mu fi kowa awo, mu ne kuma munka fi kowa gudunsa.

Mu zo kan lissafi, nan ne fagena. Wankin ƙoda yadda ya kamata sau uku ne a mako, kowane zama wajen awa huɗu. A farashin naira 50,000 zama ɗaya, mako ya ci 150,000, wata ya ci 600,000. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage shi zuwa 12,000 a wasu asibitocinta da ta zaɓa. An gode, sauƙi ne. Amma ku buga: 36,000 a mako, 144,000 a wata. Ba a sa kuɗin mota ba, ba a sa ƙarin jini da allurai ba, ba a sa kasuwar mai jinya da ta mutu ba. In an tura ku Sakkwato, ga wurin kwana, ga abinci. Wace ce a cikinmu take cin ribar 144,000 a wata? In akwai ta ɗaga hannu, Ma'aji na son magana da ita. Kuma wanki ba ya warkar da ƙodar da ta mutu, aikinta yake yi mata, ranar da anka daina datti ya sake taruwa. Dashe kuwa ana yi a ƙasar nan, an fara a Legas a 2000, Asibitin Malam Aminu Kano ya fara a 2002, amma zancen miliyoyi ne, sai an samu mai bayarwa, kuma bayan dashen akwai wani maganin na har abada wanda ya fi na hawan jini tsada nesa ba kusa ba.

A ɗaya gefen, ƙwayar amlodipine ta wata guda, in ba mai tsadar kamfani kika nema ba, ba ta kai kuɗin tiyar shinkafa ba. Ni 'yar kasuwa ce. In anka ce mini ga ɗinkin buhu na naira kaɗan, ko ki bar shi shinkafa ta tsiyaye tun daga Zauro har Birni, ba sai na yi shawara da kowa ba.

Na san abubuwan da ake faɗa, a rumfata ake faɗarsu. Ana cewa in kin fara maganin ba ki bari har mutuwa. Gaskiya ne ga mafi yawa. To tuwo ma ai tun da kika fara ba ki bari ba. Ana cewa yawan shan ƙwaya shi ke kashe ƙoda. Wagga magana ta kashe mutane. Abin da ke faruwa, mutum ya zo a makare, ƙoda ta riga ta lalace, a ba shi magani, in ta ƙarasa sai a ɗora wa maganin. Jinin da ba a saukar ba shi ke cin ta. Ana cewa, "Na auna ya sauka, na warke." Ya sauka ne don kina sha, ki bari ki gani. Akwai kuma mai cewa ita tana jin lokacin da nata ya hau. Inna, ki yi haƙuri, ba a jinsa, na'ura ke faɗa. Mazajenmu kuma nasu tsoron daban ne, wai maganin yana rage masu ƙarfi, sai su ɓoye ƙwaya a aljihun babbar riga su ce sun sha. In akwai wagga matsala a gaya wa likita, magungunan iri-iri ne, ana canzawa. Kar kunya ta mayar da ke mai takaba.

Zoɓo marar sukari da tafarnuwa da zogale, ban hana kowa ba, ni ma ina sha. Amma jinin da ya kai 200 zoɓo ba ya saukar da shi. Addu'a da rubutu kuwa mu riƙe, mu haɗa da neman magani, malamanmu ba su taɓa cewa a zaɓi ɗaya ba. Da azumi a tambayi likita yadda za a raba shan tsakanin buɗa-baki da sahur, kar a ajiye wata guda.

Ƙwayoyin da ke taɓa ƙoda na gaskiya su ne waɗanda muke sha ba mu ɗauke su a bakin komai ba. Haɗin ciwon jiki da muke aika yara su sayo in mun dawo kasuwa a gajiye, yawanci akwai su diclofenac da ibuprofen a ciki. Suna hawar da jini, suna matse ƙoda, balle ga mai hawan jini, balle a zafin bazara jiki ba ruwa. Sai sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin aure, shi ma yana hawar da jini. Sai wasu mayukan bilicin. Ba zan dubi kowa ba, ina duban takardata.

Gishiri kuma, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ga babba bai kai giram 5 a yini ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma da na cikin miya da na yaji da na komai. Magi fa gishiri ne, mafi yawansa. Mu sa shida a tukunya, mu kawo farin magi, mu kawo gishiri, a yaji ma an daka wani. Kakanninmu da daddawa da busasshen kifi da albasa sunka yi miya, kuma ba a bar masu a kwano ba. Ki rage ɗaya wanga mako, ɗaya mako mai zuwa, maigida ba zai gane ba sai in kin faɗa.

Akwai wata magana mai nauyi, iyayena ku gafarce ni, ita ce kanwa. Kanwa 'yar uwar gishiri ce a jiki, tana riƙe ruwa, tana hawar da jini. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya sunka lura mata masu jego suna zuwa da ciwon zuciya da kumburi, sunka danganta abin da kunun kanwa mai yawa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon da anka hura wa wuta. Ban ce a bar kula da mai jego ba. Na ce wadda anka gaya wa jininta ya hau da ciki, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, kar a ɗura mata kanwa kwana arba'in. Kuma irin wagga mace, ko jinin ya sauka bayan haihuwa, ta riƙa awo duk rayuwarta, don ya fi saurin dawo mata. Mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa wa likita kafin a rubuta mata magani, don lisinopril da danginsa suna cutar da ɗan ciki, akwai waɗanda ake ba masu ciki daban.

Alamomin da ba a kwana da su a gida, ku riƙe: gani ya dushe farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani da amai, numfashi ya gagara, ciwon ƙirji, ruɗewa ko harshe ya karye, fitsari ya ragu ƙwarai ko ya fito da jini. In ga ɗaya daga cikinsu kuma awo ya wuce 180 bisa 120, mota za a nema a ranar, ko da dare ne. Kuma don Allah kar a ce bari a ba ta ƙwayar maƙwabciya uku a haɗe ya faɗo. Ko a asibiti ba sa sauke shi gaba ɗai, kashi ɗaya cikin huɗu suke ragewa da farko, sauran a hankali cikin kwanaki, don in ya faɗi da sauri ƙwaƙwalwa da ƙodar da sunka saba da ƙarfi sai jini ya yanke masu, a samu shanyewar jiki.

To ga roƙona. Ina neman ƙungiya ta sayi na'urar awon jini tata, mai batir, wadda ake ɗaurawa a dantse, da maɗauri biyu, babba da matsakaici, don wasunmu Allah ya hore masu dantse kuma ƙaramin maɗauri ƙarya yake yi a kansu. Kuɗinta bai kai na wanki biyu a tsohon farashi ba. Duk ranar zubi, kafin ki miƙa kuɗi, ki zauna minti biyar ba surutu, a auna ki sau biyu, a rubuta. Minti biyar ɗin nan na san shi ne zai fi ba mu wuya. Mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mun ɗauki aikin rubutu, mu huɗu mun riga mun yarda. Lamba ce, mun iya ta, kuma za mu roƙi wata ma'aikaciyar lafiya ta zauna da mu ta koya mana ɗauri daidai. Ba za mu rubuta wa kowa magani ba, ba aikinmu ba ne. Namu mu ce, "Yaya, lambarki ta hau, ga takarda, ki je asibiti."

An tayar mini da maganar sirri, kuma mai tayarwar ta yi gaskiya. Garin nan ƙarami ne, ba mai son a ji a bakin rijiya cewa jininta ya hau, balle a ce kishiya ce ta hawar mata. Saboda haka ba za a sa suna a littafin ba, lambar katinki ta ƙungiya za a sa, littafin kuma ya kwana a akwatin Ma'aji tare da kuɗi.

Sai asusun magani. Abin da ya faru da 'yar uwarmu bayan ambaliya shi nake son mu toshe. Gulbi zai sake cika, kasuwa za ta sake faɗuwa, wannan ba sai an yi duba ba. Ina neman kowace ta ƙara naira 200 a kan zubinta na mako. Wadda ke kan magani ta shiga matsi, ta zo a ba ta na wata guda, rance ba ruwa, ta biya bayan girbi. Daga asusun nan za a fitar da kuɗin mota na gaggawa, ba sai an jira maigida ya dawo daga fadama ba, kuma a taimaka wa mai hawan jini ta yi gwajin ƙoda sau ɗaya a shekara. Ina kuma roƙon Magatakarda da mutum biyu su je ofishin KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharmu, su ji ƙa'idar shigar ƙungiya irin tamu da abin da ake biya, su kawo mana a taro na gaba.

Kuɗin na'ura da na fara asusu, ga inda nake gani, kuma na san a nan za a yi gunaguni: rabin abin da munka ware na ankon baɗi. Ko mu ɗauki atamfa mai sauƙi, ko mu maimaita ta bana, ai ba ta tsufa ba. Na ga fuskar masu sayar da atamfa a cikinmu ta canza, ku yi haƙuri, abokiyar zamana ma ɗinki za ta rasa, kuma ita ta fara cewa a yi.

Na aro na'ura ɗaya don yau, tana can rumfar baya kusa da randa, da ma'aikaciyar lafiya da ta yarda ta zauna da mu har la'asar. Wadda ta ci goro ko ta taka rawa yanzu ta huta rabin awa tukuna. Iyayenmu na sahun gaba su za su fara.

Hajiya Shugaba, na miƙa maki abu ukun nan, na'ura da asusu da rabin kuɗin anko, ki sa a ɗaga hannu ɗaya bayan ɗaya, Magatakarda ta ƙirga.